Bitar QListView na Qt 6: yadda yake karɓar latsawar linzami a kan layukan jeri

Qt, kayan aikin gina tagogi da maɓallan manhaja, ya daɗe a hannun masu rubuta manhajojin kwamfuta. Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng ne suka fara shi a Norway, ya fito ga jama'a a 1995, Nokia ta saye shi a 2008, Digia ta karɓa a 2012, yanzu kuma The Qt Company ke riƙe da shi. Duk wanda ya taɓa buɗe VLC ko OBS Studio ko Telegram na kwamfuta ya riga ya yi amfani da shi ko da bai sani ba. Wannan bita ba ta Qt gaba ɗaya ba ce. Ta tsaya ne a kan ɓangare guda, wato QListView, mai nuna jeri a allo, da abokin aikinsa QStyledItemDelegate, mai zana kowane layi, da yadda su biyun suke yi da linzamin kwamfuta idan mai gini ya ce shi zai zana layukan jerinsa da kansa.

Aikin da aka auna shi da shi sananne ne. Jerin fayiloli, kowane layi tsayin fiksel 40, da akwatin alama a hagu, sunan fayil a tsakiya, da ɗan maɓallin sharewa mai faɗin fiksel 24 a ƙarshen dama. Latsa layi ya zaɓe shi, latsawa biyu ta buɗe fayil, latsa maɓalli ya share layin kawai ba tare da ya buɗe komai ba, latsawar dama kuma ta kawo jerin zaɓi.

Samunsa ba wuya. Ga masu Python, umarnin pip install PySide6 ya wadatar, ba a ma neman asusu. Kunshin yana da nauyi, don haka mai lissafin data ya sauke PySide6-Essentials kawai, domin QtWidgets na cikinsa. Masu C++ za su bi ta manhajar sakawa ta Qt, wadda ke neman a buɗe asusu, ko su ɗauko daga ma'ajiyar Linux ɗinsu. Akwai lasisin LGPLv3 na kyauta, akwai na kuɗi. PyQt6 na kamfanin Riverbank, wata hanyar amfani da Qt a Python, daban yake, GPL ne ko na saye, kuma wanda zai sayar da manhajarsa a rufe ya san da wannan bambanci tun kafin ya fara.

Inda ya yi kyau ƙwarai shi ne aikin da ya shafi layi sukutum. QListView ya gaji sigina, wato sanarwar da yake fitarwa idan wani abu ya faru, daga QAbstractItemView waɗanda suka rufe kusan duk buƙata: pressed idan an danna, clicked idan an danna aka saki da maɓallin hagu a kan layi ɗaya, doubleClicked, activated, entered da viewportEntered. Biyar ɗin farko suna zuwa da QModelIndex na layin, wato alamar da ke nuna wane layi ne, kuma ba sa fitowa sai an sami layi na gaske. Zaɓen layuka da Ctrl da Shift, ja da saukewa, akwatin alama, duk suna nan a shirye. Akwatin alamar ma ba ya neman komai sai a ba layin tutar ItemIsUserCheckable, ma'ajiyar bayanai, wato model ɗin da jerin ke karanta layuka daga gare shi, ta amsa CheckStateRole a data da setData. Mai jeri na rubutu da ƙananan hotuna zai gama cikin minti kaɗan, kuma zai yi aiki a Windows da Linux da macOS.

Daga cikin waɗannan, activated ce ta cancanci a ɗaura mata buɗe fayil, ba doubleClicked ba. Tana fitowa da latsawa biyu, tana fitowa idan an danna Enter a Windows da Linux, kuma a kwamfutar da aka saita buɗewa da latsawa ɗaya tana bin wannan saitin. Akwai wani dalili mafi ƙarfi da zai zo a gaba.

Matsala na farawa ne daga maɓallin nan mai fiksel 24. Hanyar da ke fara zuwa wa mutum ita ce ya saka QPushButton na gaske a kowane layi ta setIndexWidget, ko setItemWidget idan QListWidget yake amfani da shi. A layuka 30 ko 50 yana tafiya lafiya. A layuka dubbai kowane layi ya zama tarin abubuwa masu rai a ƙwaƙwalwa, buɗe taga ya yi nauyi, tace jeri ya fara ja da baya. Takardun Qt da kansu sun ce an yi wannan hanyar ne don abin da ba ya canzawa, wanda ke son abu mai motsi ya rubuta wakili. Shawarar daidai ce. Wakilin, wato QStyledItemDelegate da ka gada, yana zana layukan da ido ke gani ne kaɗai. Tagar da ke da tsayin fiksel 600 da layi mai fiksel 40 za ta zana layuka 15 ko 16 ne, ko jerin na da layuka 100 ko 100,000. Idan aka ƙara setUniformItemSizes(true), jerin ya daina tambayar tsayin kowane layi, saurin buɗewa ya ƙaru a bayyane.

Sai dai maɓallin da wakili ya zana hoto ne. Qt bai san da zamansa ba. Ba ya haske idan kibiya ta hau shi, ba ya nutsewa idan an danna, ba ya karɓar Tab. Duk wannan aikin mai gini ne, kuma ƙofar yinsa ita ce editorEvent. Sunan na ruɗarwa, don yana nuna kamar sai ana gyaran rubutu, alhali saƙonnin linzami suna iso masa ko layin ba na gyarawa ba ne. Yana karɓar saƙon, da ma'ajiyar bayanai, da option mai ɗauke da murabba'in layin, da index.

Ƙa'idar farko ita ce a rubuta aiki guda ɗaya mai lissafa wurin maɓallin daga option.rect, paint ya kira shi, editorEvent ma ya kira shi. A misalinmu, murabba'i ne mai fiksel 24 kowane gefe, fiksel 8 daga bakin dama, a tsakiyar tsayin layi. Idan aka lissafa a wuri biyu, ranar da aka canza tazara a zane aka manta da ɗayan, maɓallin zai bayyana a nan ya riƙa amsawa a can. Sakamakon lissafin ya bi ta QStyle::visualRect tare da option.direction, domin manhajar da za ta fito da Larabci ko Hausar Ajami tana juya layi daga dama zuwa hagu, kuma wannan aikin ne ke juya murabba'in tare da shi. Wurin linzami a Qt 6 ana ɗaukarsa da position().toPoint(), kuma shi da option.rect ma'auninsu ɗaya ne, ba sai an sauya ba.

Abin da takardun ba su shimfiɗa ba, kuma shi ne babban raunin wannan kaya, shi ne tsarin da abubuwa ke biyo juna. Sai mutum ya buɗe fayil ɗin qabstractitemview.cpp a cikin qtbase ya karanta da idonsa. Ga abin da ke ciki.

Idan an danna, jerin yana tambayar wakili kafin ya taɓa zaɓi. In editorEvent ya mayar da true, magana ta ƙare: ba a zaɓi layin ba, pressed ba ta fito ba. Wannan ya yi daidai da buƙata, domin danna maɓallin sharewa bai kamata ya wargaza layuka goma da mutum ya riga ya zaɓa ba. Saboda haka dole a kama saƙon dannawa, ba na sakewa kaɗai ba. Misalai da yawa da ke yawo suna duba MouseButtonRelease ne kawai, shi ya sa zaɓi ke tsalle duk lokacin da aka taɓa maɓalli.

Idan an saki kuwa, lamarin ya bambanta. Wakili ya mayar da true ko false, clicked za ta fito. Abin da true ke hanawa shi ne activated. Wanda ya ɗaura buɗe fayil ko nuna bayani a kan clicked zai ga cewa latsa maɓallin sharewa na yin abu biyu a lokaci guda, kuma ba abin da zai rubuta a cikin wakili da zai hana. A latsawa biyu ma haka ne, har ya fi: doubleClicked tana fita tun kafin a tambayi wakili, sai activated ce ke jiran amsarsa. Dalilin da aka yi alkawari kenan. Nuna bayanin layi ya tafi kan currentChanged na selectionModel, buɗewa ta tafi kan activated, su biyun suna girmama abin da wakili ya ce. Da a ce an rubuta wannan a jimla uku a shafin editorEvent, da an rage wa masu gini wahala mai yawa.

Sai maganar tuna hali. Wakili ɗaya ne ke yi wa dukan layuka aiki, don haka tutar "an danna" guda ɗaya za ta sa maɓallin kowane layi ya nutse tare. Dole a adana wane layi ne. QModelIndex ba na ajiya ba ne, yana iya lalacewa da zarar an ƙara ko an cire layi. QPersistentModelIndex ake ajiyewa, shi ma'ajiyar ke gyara masa lamba idan layuka sun motsa, ya kuma zama marar inganci idan an cire layinsa. A lokacin sakewa a duba abu uku: maɓallin hagu ne, layin shi ne wanda aka danna, kibiya kuma tana cikin murabba'in har yanzu. In ɗaya ya faɗi, ba latsawa ba ce. Wannan ne ke ba mutum damar fasawa ta hanyar janye kibiya kafin ya ɗaga yatsa, kamar yadda kowane maɓalli na gaske ke yi.

Janyewar tana da tarkonta. Idan ya saki a kan wani layi, ko a sarari, ko a wajen taga, saƙon sakewa ba zai taɓa zuwa wa layin farko ta editorEvent ba, maɓallin sai ya maƙale a nutse. Haka idan kibiya ta fice daga jerin, wakili ba ya samun labari, hasken ya tsaya a inda aka bar shi. Maganin duka biyun shi ne matatar saƙo, installEventFilter, mai kama MouseButtonRelease da Leave tana goge halin da aka ajiye. A nan ne mutane suka fi faɗawa rami: QListView ba shi ke karɓar linzami ba. A cikinsa akwai wata farfajiya, viewport(), ita ce ke ƙarƙashin kibiya. Matatar da aka ɗora a kan jerin kansa za ta ga saƙonnin madannai amma ba za ta ga latsawa ko ɗaya ba, kuma ba kuskuren da zai fito ya faɗa maka dalili. A kan viewport() ake ɗorawa. A lura kuma cewa matata tana ganin saƙo kafin jerin ya gani, don haka idan ta goge halin nan take, editorEvent zai zo ya tarar ba komai. Ta jinkirta gogewar da QTimer::singleShot na sifili.

Wanda ya ga wannan ya yi yawa yana da wata hanya, kuma a ganinmu ta fi tsabta idan layi na da wuraren latsawa fiye da ɗaya: a gaji QListView, a sake rubuta mousePressEvent, mouseMoveEvent, mouseReleaseEvent da mouseDoubleClickEvent, a nemo layi da indexAt, a nemo murabba'insa da visualRect, a tambayi wakili wane sashe aka taɓa. Jerin yana turo saƙonnin farfajiyar zuwa waɗannan ayyuka da kansa, da ma'aunin farfajiyar. Duk saƙon da ba na maɓalli ba ne a miƙa shi ga aikin asali na QListView, in ba haka ba zaɓi da ja da saukewa za su mutu. Saƙon da ke na maɓalli kuwa ba a miƙa shi, ta haka clicked da doubleClicked ba za su fito ba sam.

Hasken da ke bin kibiya yana buƙatar saiti biyu. setMouseTracking(true) ne ke sa motsi ya iso ba tare da an danna komai ba, kuma ba shi entered ba ta fitowa. WA_Hover a kan farfajiya shi ke kawo State_MouseOver cikin option.state. Wasu salon kamanni na kunna shi da kansu, wasu ba sa yi, shi ya sa manhaja ke haske a wata kwamfuta ta ƙi a wata, don haka a kunna da hannu. Ko an kunna, Qt yana sake zane ne idan kibiya ta sauya layi. Tafiya daga sunan fayil zuwa maɓalli a layi guda ba ta motsa shi. Mai gini ne zai lura cewa kibiya ta shiga ko ta fita daga murabba'in, ya kira update a kan wannan layin kaɗai. Kada a sake zana farfajiya duka a kowane motsi, linzami na aiko saƙo da yawa a daƙiƙa ɗaya. Idan kuma aka gungura da ƙafar linzami ba tare da an motsa hannu ba, layuka sun wuce amma halin da ka ajiye bai sani ba. A haɗa valueChanged na sandar gungurawa da aikin da ke sake duba QCursor::pos().

Kuskure mafi haɗari a jerin da ke da maɓallin sharewa yana zuwa ne daga masu latsawa biyu a kan komai, kuma suna da yawa. Qt yana aiko latsawa biyu a matsayin saƙo huɗu: danna, saki, MouseButtonDblClick, saki. A saki na farko an share layi, na ƙasa ya hauro, maɓallinsa ya zo daidai ƙarƙashin kibiya. Da saƙo na uku ya iso, jerin ya ga layin ba shi ne wanda aka fara dannawa ba, sai ya mayar da saƙon dannawa ta talaka. Saki na biyu ya cika sharuɗɗan nan uku, fayil na biyu ya tafi. Ba a ganin wannan a gwajin da mai gini ke yi a natse. Magani shi ne a haɗiye saƙon a mouseDoubleClickEvent idan ya faɗa kan maɓalli, ko a ƙi karɓar wata dannawa a maɓalli sai lokacin QApplication::doubleClickInterval() ya wuce bayan sharewa. Kada a rubuta adadin da hannu: a Windows yawanci milisakan 500 ne, a X11 na Linux 400, kuma mai kwamfuta na iya canzawa.

Ita kanta sharewar kada a yi ta a cikin editorEvent, domin jerin bai gama aiki da layin ba tukuna. Wakili ya fitar da sigina mai ɗauke da QPersistentModelIndex, a haɗa ta da Qt::QueuedConnection, mai karɓa ya duba isValid kafin ya cire. Idan akwai QSortFilterProxyModel a tsakani don bincike ko jerantawa, lambar layin da ta iso ta abin da ake gani ce. Layi na 3 a allo na iya zama na 812 a ainihin bayanai. A bi ta mapToSource, ko a ɗauko lambar shaidar fayil daga wani role na musamman.

Latsawar dama ba ta da wahala sosai. A saita CustomContextMenu, a saurari customContextMenuRequested. Wurin da take bayarwa na farfajiya ne, don haka indexAt zai karɓe shi kai tsaye, amma wajen nuna jerin zaɓi sai viewport()->mapToGlobal. Index marar inganci na nufin an latsa a sarari. A Windows jerin zaɓi na fitowa ne lokacin sakewa, a Linux lokacin dannawa, saboda haka kada a gina shi a kan mousePressEvent. Idan an zaɓi layuka da yawa aka yi latsawar dama a kan ɗaya daga cikinsu, Qt yana barin zaɓin yadda yake, kuma umarnin ya kamata ya hau dukansu.

Mai rubuta ja da saukewa da kansa ya yi amfani da startDragDistance, wanda asalinsa fiksel 10 ne, ya gwada da manhattanLength na tazarar, don hannu mai ɗan rawa kada ya mayar da latsawa ja.

Masu Python na da nasu tuntuɓen guda biyu. setItemDelegate ba ya riƙe wakilin a matsayin nasa, don haka a ba wakilin uba, wato parent, ko a ajiye shi a wani suna mai ɗorewa. A PyQt6 kuma sai an rubuta cikakken suna, QEvent.Type.MouseButtonRelease, gajeren rubutun zamanin PyQt5 ba ya aiki.

Wajen gwaji Qt ya cancanci yabo. QTest::mouseClick da mouseDClick suna aika latsawa zuwa kowane wuri, QSignalSpy na ƙirga sau nawa sigina ta fito. A aika zuwa viewport(), bayan qWaitForWindowExposed, a wurin da aikin lissafin murabba'i ya bayar. Gwaji uku sun isa su kama yawancin abin da aka lissafa a sama: latsa maɓalli a tabbatar zaɓi bai canza ba, danna a maɓalli a saki a wani layi a tabbatar ba a share komai ba, latsawa biyu a tabbatar layi ɗaya ne ya ragu.

Akwai gibin da ba dabarar linzami da za ta cike. Maɓallin da aka zana ba ya wanzu ga mai amfani da madannai kaɗai, kuma manhajar da ke karanta wa makafi allo ba ta ganinsa. Duk aikin da ke kansa dole ya sami hanya ta biyu: QAction mai madannin Delete, da layi a jerin zaɓi na dama. A nan GtkListView na GTK 4 ya fi, domin layukansa abubuwa ne na gaske da ake sake amfani da su yayin gungurawa, maɓallin cikinsu kuma maɓalli ne cikakke. ListView na QML, harshen tsara fuskar manhaja da ke cikin Qt ɗin kansa, haka yake, da TapHandler da HoverHandler a kan kowane sashe. Tsarin QListView ya samo asali ne tun Qt 4 na 2005, QStyledItemDelegate ya shigo a 4.4, kuma zuwan Qt 6 a Disamba 2020 bai sauya wannan ɓangare sosai ba.

Ga jeri mai dubban layuka, wanda kowane layi ke da wurin latsawa ɗaya ko biyu, a manhajar da aka riga aka gina da QtWidgets, QListView da wakili shi ne zaɓin da ya dace, da sharaɗin a gaji jerin a riƙe saƙonnin linzami a wuri guda. Ga layuka ƙasa da ɗari masu maɓallai da akwatunan rubutu da yawa, QScrollArea da abubuwa na gaske a jere ya fi sauƙin gyara. Idan sabuwar manhaja ce kuma layukanta cike suke da abubuwan taɓawa, a fara duba QML kafin a zauna rubuta lissafin murabba'i.